Indiyawan Yuganda: Sun Mallaki Kasuwa, Sun Rasa Ƙasa

Ranar 18 ga watan Satumba na shekarar 1972, wani jirgin sama da ya taso daga Entebbe ta ƙasar Yuganda ya sauka a filin jirgin sama na Stansted, arewa da birnin Landan, ɗauke da fasinjoji 193. Dukkansu 'yan asalin Indiya ne. Akasarinsu a Afirka aka haife su, wasu ma har iyayensu a nan aka haife su. Fasfon da ke aljihunsu na Birtaniya ne, amma da yawa daga cikinsu ba su taɓa taka ƙasar ba sai a ranar. Kuɗin da hukumomin Yuganda suka yarda a fita da su ba su wuce kimanin fam 50 ba, alhali a cikin waɗanda aka kora akwai mutanen da makonni kaɗan kafin nan suke da kantuna da manyan motoci da masana'antu.

Wannan shi ne jirgin farko na mutanen da shugaban mulkin soja na Yuganda, Janar Idi Amin, ya ba wa'adin kwana 90 su bar masa ƙasa. Fiye da shekara hamsin ke nan da aukuwar al'amarin, amma tambayar da ya tayar ba ta tsufa ba, kuma ta shafi duk ɗan kasuwar da ke neman abincinsa a garin da ba a binne kakansa ba: shin daɗewa a wuri da zuba jari a cikinsa da biyan haraji suna mayar da baƙo ɗan gari? Abin da ya sami Indiyawan Afirka ta Gabas ya nuna cewa dukiya kaɗai ba ta yin wannan aiki. Ya kuma nuna cewa ƙasar da ta kori baƙin 'yan kasuwarta takan gaji gine-ginensu, amma ba ta gadon kasuwancinsu.

Yadda suka zo

A Afirka ta Gabas sunan da ake kiran waɗannan mutane da shi shi ne 'yan Asiya, domin kakanninsu sun baro gida tun kafin a raba Indiya da Pakistan a 1947. Ba kuma al'umma ɗaya ba ce. Akwai mabiya addinin Hindu, akwai Musulmi 'yan Sunni da 'yan Shi'a, ciki har da Isma'iliyya mabiya Aga Khan, akwai mabiya addinin Sikh daga Punjab, akwai kuma Kiristoci daga Goa. Kowane rukuni da wurin ibadarsa da makarantarsa da gidajen da yake aure. Idon ɗan ƙasa ne kawai da na Bature suke ganinsu abu guda.

An fi danganta zuwansu da hanyar jirgin ƙasa da Turawan Ingila suka fara shimfiɗawa daga Mombasa a 1896, wadda ta isa Kisumu a bakin tafkin Victoria a 1901. An kwaso leburori kimanin 32,000 daga Indiya domin wannan aiki. Kimanin 2,500 suka mutu a bakinsa, kimanin 6,700 suka zauna bayan an gama, saura kuwa suka koma gida. Sai dai mafi yawan waɗanda suka kafa al'ummar fatake ne da masu sana'ar hannu da akawuna, musamman daga Gujarat da Kutch, waɗanda suka biyo hanyar jirgin da kuɗin guzurinsu. Fataucin Indiyawa a gaɓar tekun ya ma riga Turawa da ƙarnuka, shi ya sa rupi na Indiya ya kasance kuɗin da ake kashewa a Kenya da Yuganda har zuwa wajen 1920.

Babban misali a cikinsu shi ne Allidina Visram, wanda ya sauka Zanzibar a 1863 yana ɗan shekara 12, ya kuma rasu a 1916 bayan ya jera kantuna tun daga gaɓar teku har Kampala da Jinja. Tsarin da ya bi shi ne wanda dubbai suka bi bayansa. Babban ɗan sari a Mombasa yakan ba ɗan'uwansa ko ɗan garinsu kaya bashi, atamfa da gishiri da kananzir da fartanya, shi kuma ya tafi can ƙauye ya buɗe ɗan kanti, yana kwana a bayansa, yana sayar wa manoma ɗai-ɗai, yana sayen auduga da fata a hannunsu. Ba takarda, ba lauya. Jinginar bashin ita ce sunan gidansu, domin wanda ya ci amana ba zai sake samun kaya ba, ba kuma zai sami matar aure a cikin danginsu ba. Daga irin wannan kanti ne wasu suka kai ga masana'antu: Nanji Kalidas Mehta ya kafa kamfanin sukari a Lugazi a 1924, Muljibhai Madhvani kuma ya kafa nasa a Kakira, kusa da Jinja, a 1930.

Tsani mai hawa uku

Turawan mulkin mallaka sun jera jama'ar yankin hawa uku: Bature a sama, ɗan Asiya a tsakiya, baƙar fata a ƙasa. Unguwanni daban, makarantu daban, asibitoci daban, albashi ma daban ko da aikin iri ɗaya ne. A Kenya an hana Indiyawa mallakar gonaki a tsaunuka masu ni'ima da aka keɓe wa Turawa, a Yuganda kuma ba su da damar sayen filin noma yadda suka so. Da aka rufe musu ƙofar noma da ta mulki, sai suka taru a inda aka bar musu, wato kasuwa da ƙananan ayyukan ofis.

Wannan matsayi na tsakiya shi ne ya azurta su, shi ne kuma ya jawo musu baƙin jini. Manomin Buganda ba kasafai yake ganin Baturen da ke tsara farashin auduga a ofis ba. Wanda yake gani shi ne Ba'indiyen da ke riƙe da sikeli, wanda ke sayen audugarsa da araha, ya sayar masa da atamfar da aka saƙa da ita da tsada, ya kuma bi shi bashin bara. Injinan gurzar auduga kusan duk a hannun Indiyawa da Turawa suke, kuma neman a bar 'yan ƙasa su gurji audugarsu na cikin abin da ya haddasa tarzomar Buganda ta 1949. A 1959 kuwa aka yi gangamin ƙaurace wa kantunan baƙi a Buganda ɗin, wanda ya tilasta wa Indiyawa da yawa barin ƙauyuka suka koma birane.

Adalci ne a faɗi cewa ƙorafin 'yan ƙasa yana da tushe. Da yawa daga cikin masu kantin sun kwaikwayi raini irin na Bature ga baƙar fata. Ɗan ƙasa yakan yi shekara ashirin yana dako ko gadi a kanti ba tare da an nuna masa littafin ciniki ba, domin ilimin sana'ar da bashin sari a cikin dangi kawai suke yawo. Auratayya da 'yan ƙasa kusan babu ita. Ƙidayar 1969 ta sami 'yan Asiya kimanin 74,000 a Yuganda, wato ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma ƙiyasin da aka fi ambatawa ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar ƙasa a hannunsu yake faɗawa. Adalci ne kuma a faɗi cewa ba dukkansu ne attajirai ba. Akwai teloli da kafintoci da makanikai da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma akwai waɗanda suka shiga gwagwarmayar neman 'yanci, kamar Makhan Singh, jagoran ƙwadago a Kenya, wanda Turawa suka tsare fiye da shekara goma.

Fasfon da bai buɗe ƙofa ba

Da Yuganda ta sami 'yancin kai a 1962, Kenya kuma a 1963, an ba waɗanda ba su zama 'yan ƙasa kai tsaye ba wa'adin shekara biyu su zaɓa: ko su yi rajistar zama 'yan ƙasa su saki fasfon Birtaniya, ko su riƙe shi su zauna a matsayin baƙi. Aga Khan ya shawarci mabiyansa su karɓi zama 'yan ƙasa, kuma da yawa sun karɓa. Wasu dubbai sun cika takarda amma ta maƙale a ofis shekara da shekaru. Mafi yawa kuwa suka riƙe fasfon Birtaniya, suna ganinsa a matsayin mafita in rana ta ɓaci. Su a ganinsu hankali ne irin na ɗan kasuwa. A ganin 'yan siyasar ƙasar kuwa shaida ce ta cewa ƙafa ɗaya kawai suka sa a ƙasar.

Ranar ta fara ɓaci ne a Kenya. Dokokin shige da fice da na lasin kasuwanci na 1967 sun hana wanda ba ɗan ƙasa ba yin ciniki a wasu yankuna da sayar da wasu kayayyaki, sai dubban Indiyawa suka doshi Landan. Nan take, cikin 'yan kwanaki a farkon 1968, majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta hana mai fasfon ƙasar shiga kai tsaye sai in shi ko mahaifinsa ko kakansa a can aka haife shi ko ya zama ɗan ƙasa. Kowa ya gane inda dokar ta dosa: ɗan Bature da ke Nairobi yana da kaka a Ingila, Ba'indiye kuwa ba shi da shi. An ƙayyade magidanta 1,500 kacal za a ba takardar shiga a shekara. Daga baya, a 1973, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta gano cewa wariyar launin fata ce, kuma wulaƙanci ne. Ita ma Indiya ba ta ɗauke su a matsayin nauyinta ba, tun da fasfonsu na wata ƙasa ne. Haka mutum ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko: ƙasar haihuwarsa tana kiransa baƙo, ƙasar fasfonsa ta rufe ƙofa, ƙasar kakanninsa tana cewa a tambayi Landan.

A Yuganda, gwamnatin Milton Obote ta kafa irin waɗannan dokoki a 1969. Amin ya yi masa juyin mulki a watan Janairu na 1971, kuma kafin shekarar ta ƙare ya sa aka ƙidaya 'yan Asiya su kaɗai, ya kuma tara shugabanninsu ya zarge su da fitar da kuɗi waje da ɓoye kaya da ƙin ba 'yan ƙasa auren 'ya'yansu.

Kwana 90

Ranar 4 ga Agusta, 1972, a barikin soja na Tororo, Amin ya sanar cewa ba wurin zaman 'yan Asiya masu fasfon Birtaniya a Yuganda. Ya ce a mafarki aka umarce shi, ya kuma kira matakin yaƙin tattalin arziki. Wa'adin ya ƙare ranar 8 ga Nuwamba. A tsakiyar watan Agusta ya faɗaɗa umarnin ya haɗa har da waɗanda suka zama 'yan ƙasa, su kimanin 23,000. Daga baya ya janye, amma aikin tantance takardu da ya biyo baya ya raba dubbai da shaidar zamansu 'yan ƙasa, saura kuma tsoro ya kore su. A hanyar Kampala zuwa Entebbe sojoji suka jera shingaye suna karɓe agogo da sarƙa da kuɗi. Birtaniya, a ƙarƙashin Firayim Minista Edward Heath, ta karɓi kimanin 28,000, Kanada kimanin 6,000, wasu dubbai suka tafi Indiya da Pakistan da Amurka, waɗanda suka rasa ƙasa baki ɗaya kuwa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe su zuwa sansanoni a Turai.

A titunan Kampala jama'a da yawa sun yi murna. An raba kamfanoni da kantuna da gonaki fiye da 5,600, kuma mafi tsoka ya faɗa hannun hafsoshin soja da makusantansu, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna "mafuta mingi", wato masu maiƙo da yawa a harshen Swahili. Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai nazarin kasuwanci. Sabon mai kanti yakan sayar da kayan da ya tarar, wani lokaci ba tare da ya san farashin sarinsu ba, ya kashe kuɗin, sannan ya gano cewa ba wanda zai sake ba shi kaya. Ɗan sarin Mombasa da na Bombay da na Manchester ba ginin kanti suke ba bashi ba, mutumin da suka sani suke ba, shi kuwa yana sansanin 'yan gudun hijira a Ingila. Injin gurzar auduga da na matsar rake suna bukatar kayan gyara da makaniki da akawu, duk kuma sun tafi a jirgi ɗaya.

Ƙasar da ke sayar da sukari a waje ta koma nemansa. Gishiri da sabulu suka ɓace daga kanti. Da gwamnati ta ƙayyade farashi, sai kaya suka koma kasuwar bayan fage da ake kira "magendo", gahawa kuma ta riƙa ficewa Kenya ta hanyar fasa-ƙwauri. Kafin ƙarshen shekarun 1970 darajar albashin ma'aikaci ta zube da kusan kashi 90 cikin 100. Ba korar Indiyawa kaɗai ta jawo wannan ba. Akwai kashe-kashen da suka ci rayukan dubban ɗaruruwan 'yan Yuganda baƙar fata, waɗanda su ne suka fi ɗanɗana kuɗar mulkin Amin, akwai gudun masu ilimi, akwai rushewar Ƙungiyar Afirka ta Gabas a 1977. Amma talakan da aka ce domin shi aka yi korar bai sami kanti ba, ya kuma rasa kayan da yake saye a cikinsa.

Maraba irin ta Lesta

A can Ingila ma ba da hannu biyu aka tarbe su ba. Majalisar birnin Leicester, wanda masu garin ke kira Lesta, ta biya kuɗi ta buga sanarwa a jaridar Uganda Argus a watan Satumba na 1972 tana gargaɗinsu da kada su zo, wai gidaje da makarantu sun cika. Hukumar da gwamnati ta kafa domin tsugunar da su ta ajiye su a sansanoni 16, akasarinsu tsoffin barikokin soja, ta kuma ware garuruwan da ba a son su je. Lesta na cikin jerin. Duk da haka dubbai suka nufi can, domin a can 'yan'uwansu da suka riga su zuwa daga Kenya suke, kuma a can ake da masaƙu masu ɗaukar ma'aikata.

A nan ne mutanen da suka saba da hawan tsakiya suka tsinci kansu a hawan ƙasa. Mai kanti ya zama lebura, matar da take da 'yan aiki a Kampala ta shiga layin masana'anta. A watan Mayu na 1974 ɗaruruwan ma'aikata 'yan Asiya na kamfanin keken rubutu na Imperial da ke Lesta suka shiga yajin aiki saboda ana tauye musu kuɗin ƙarin aiki, ana kuma hana su ƙarin girma, reshen ƙungiyar ƙwadagonsu kuma ya ƙi mara musu baya. Daga 1976 zuwa 1978 aka yi yajin aikin kamfanin wankin hoto na Grunwick a Landan, ƙarƙashin jagorancin Jayaben Desai, wadda ta zo daga Tanzaniya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, jam'iyyar National Front mai aƙidar ƙin baƙi ta sami kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'un Lesta. Samarin Turawa masu dukan baƙi a titi ba sa tambayar ko mutum daga Kampala yake ko daga Lahore.

Mafitar da yawancinsu suka samu ita ce sana'ar kakanni. A lokacin, Turawa masu ƙananan kantunan unguwa suna sayar da su da araha saboda manyan kantunan zamani sun janye musu ciniki. Iyali sukan haɗa albashin masana'anta na mutum uku ko huɗu, su ƙara da rancen dangi, su sayi kanti, su zauna a samansa. Ribar ba daga farashi take fitowa ba, daga awoyi take fitowa: a buɗe tun asuba domin jaridu da madara, a rufe da dare, a buɗe ranar Lahadi lokacin da doka ta hana manyan kantuna buɗewa, hanin da bai sassauta ba sai a 1994, kuma ba a biyan mata da 'ya'ya albashi. Abin da Amin bai iya ƙwacewa a shingen Entebbe ba shi ne Turancin da suka iya, da sanin lissafin ciniki, da amanar da ke tsakaninsu. Iyalin Thakrar da suka baro Yuganda sun kafa kamfanin shinkafar Tilda a farkon shekarun 1970, titin Belgrave na Lesta kuma, wanda ya kusa mutuwa, ya cika da kantunan gwal da na tufafi da gidajen abinci.

'Ya'ya da jikoki

Wadata ta zo, amma tambayar ba ta tafi ba. A 1990 Norman Tebbit, jigo a jam'iyyar Conservative, ya ba da shawarar a gwada biyayyar 'yan Asiya ta hanyar duba ƙasar da suke goya wa baya in Ingila tana wasan kurket da Indiya ko Pakistan. Shekara 32 bayan haka, a watan Oktoba na 2022, jam'iyyar tasa ta naɗa Rishi Sunak Firayim Minista, mutumin da aka haifi mahaifinsa a Kenya, mahaifiyarsa kuma a Tanganyika, ya riƙe muƙamin har zuwa Yuli na 2024. Priti Patel, wadda iyayenta suka zo daga Yuganda tun kafin korar, ta riƙe ma'aikatar cikin gida daga 2019 zuwa 2022, kuma ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Wannan ya raba kan al'ummar: wasu suna ganin alamar cikakkiyar karɓuwa ce, wasu kuma suna ganin ɗan baƙon jiya ne ke rufe wa baƙon yau ƙofa.

Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Asiya sun kai kimanin kashi 43 cikin 100 na mazauna Lesta, sun ɗara Turawa da ke da kimanin kashi 41. Amma wannan adadi ya tara mutanen da halinsu ya sha bamban. Waɗanda suka biyo ta Afirka sun zo da ilimi da sana'a, ba kuma su da ƙauyen da za su riƙa aika wa kuɗi da niyyar komawa, don haka duk abin da suka samu a nan suka zuba shi. Waɗanda suka zo kai tsaye daga karkarar Pakistan da Bangaladash domin aikin masaƙu kuwa sun fi fama da talauci bayan da masaƙun suka rufe. Siyasar can gida ma ta biyo su: a watannin Agusta da Satumba na 2022 an yi arangama a Lesta tsakanin samarin Hindu da na Musulmi, bayan wani wasan kurket tsakanin Indiya da Pakistan.

A Amurka ma batun ya taso. Zohran Mamdani, wanda aka haifa a Kampala a 1991, ɗan Farfesa Mahmood Mamdani da ke cikin waɗanda aka kora a 1972, ya lashe zaɓen magajin garin New York a watan Nuwamba na 2025. A lokacin yaƙin neman zaɓe an tono cewa a takardar neman shiga jami'a ya zaɓi gurbin ɗan Asiya da na baƙar fata ko ɗan asalin Afirka a lokaci guda, ya kuma rubuta cewa shi ɗan Yuganda ne. Muhawarar da ta biyo baya ita ce dai ta 1972 a sabuwar riga: ko wanda kakanninsa suka fito daga Indiya yana iya kiran kansa ɗan Afirka, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci.

Komawa Kampala

An hamɓarar da Amin a watan Afrilu na 1979. A 1982 gwamnatin Obote ta biyu ta kafa dokar mayar da kadarorin da aka ƙwace, amma aikin bai yi nisa ba sai bayan da Yoweri Museveni ya hau mulki a 1986, ya riƙa kiran waɗanda aka kora su dawo, masu ba ƙasar rance kuma suka matsa a kan batun. An mayar da dubban gidaje da kantuna a farkon shekarun 1990, abin da ya jawo sabon rikici da 'yan ƙasar da suka yi shekara ashirin a cikinsu. Iyalan Madhvani da Mehta sun farfaɗo da Kakira da Lugazi. Sai dai kaɗan ne suka dawo da zama; da yawa sun karɓi kadarar sun sayar sun koma Landan ko Toronto, inda 'ya'yansu suka girma. Akasarin Indiyawan da suka cika kasuwannin Kampala daga baya sababbin zuwa ne daga Indiya.

Tsohon miki kuma bai warke sarai ba. A watan Afrilu na 2007, zanga-zangar adawa da shirin gwamnati na ba kamfanin sukarin Lugazi wani yanki na dajin Mabira ta rikiɗe ta koma farmaki kan Indiyawa a Kampala, har aka kashe ɗaya daga cikinsu. A ɗaya ɓangaren, a watan Yuli na 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ayyana 'yan asalin Asiya a matsayin ƙabila ta 44 a Kenya. Cewa sai da aka mayar da su ƙabila kafin a tabbatar musu da zama 'yan gida ya nuna yadda har yanzu asali ke rinjayar takardar zama ɗan ƙasa a wannan nahiya.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu ɗan kasuwa ba zai ji wannan labari baƙo ba, domin mutanenmu sun tsaya a ɓangarorin biyu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, kuma cikin waɗanda suka bar rumfuna da gidaje a zangunan Kumasi da Ankara akwai Hausawa da Yarabawa da aka haifa a can. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. A shekarar da Amin ya yi tasa korar, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bi wata hanya dabam da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda ta keɓe sana'o'i 22 ga 'yan Najeriya, ta kuma wajabta musu kashi 40 cikin 100 na hannun jari a wasu 33. Ba a kori kowa ba, an biya kuɗin hannun jarin, ko da yake dokar ta haifar da 'yan ƙasa masu ba da aron suna, har aka soke ta a 1995.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Indiyawan Yuganda sun yi shekara saba'in suna zaton sun zama kaba, tun da gine-ginen Kampala nasu ne, sai sanarwa guda a barikin soja ta nuna musu yadda maƙwabtansu ke kallonsu. Ɗan kasuwar da ke zaune a Duwala ko Libreville ko Khartum yana da abin dubawa a nan: ko takardunsa da na 'ya'yansa sun cika, ko akwai ɗan gari da ya koya wa sana'a har ya tsaya da ƙafarsa, ko akwai mai hannun jari a cikin 'yan ƙasar da zai yi asara in aka rufe kantin. Hukumomin da ke jin kiraye-kirayen a kori baƙi daga kasuwa su ma suna da nasu abin dubawa, domin Yuganda ta kori Indiyawanta a cikin kwana 90, amma ta shafe kusan shekara ashirin kafin ta fara gyara ɓarnar da ta biyo baya.